Faifan farko na Beatles da bashin da ba a gama biya ba

Duk wanda ya tashi ba da labarin kundin waƙoƙin farko na ƙungiyar Beatles, wato Please Please Me, daga wuri ɗaya yake farawa: ranar Litinin, 11 ga Fabrairun 1963. Samari huɗu 'yan Liverpool, babbansu shekararsa 22, ƙaraminsu 19, suka shiga situdiyon kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan da ƙarfe goma na safe, ba su tashi ba sai wajen sha ɗaya saura kwata na dare, da waƙoƙi goma da za su shiga faifan a hannu. Aka haɗa da huɗu da aka riga aka naɗa, suka zama sha huɗu. Faifan ya fito ranar 22 ga Maris, ya hau saman jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya a watan Mayu, ya yi mako 30 bai sauko ba, kuma da ya tashi sauka faifansu na biyu ne ya ture shi. Kuɗin da aikin ya ci bai wuce kimanin fam 400 ba.

Labarin gaskiya ne, kuma ina son sa. Abin da ba na so shi ne inda ake yanke shi. Ana ba da shi kamar wasu yara ne masu baiwa suka faɗo daga sama, suka ƙirƙiro sabon kiɗa tsakanin hantsi da lisha. Wanda ya saurari faifan da kunnen basira ya san ba haka ba ne. Aikin almajirai ne da suka daɗe suna ɗaukar karatu, kuma malaman nasu baƙaƙen fatar Amurka ne, da yawansu 'yan mata. Waɗannan malamai su ne ake tsallakewa in an zo yabo, su ne kuma kasuwa ta tsallake da aka zo rabon kuɗi.

Bari in fara ba ranar haƙƙinta, don ta cancanta. Hunturun wannan shekara yana cikin mafiya tsanani da Ingila ta gani, kuma yaran daga yawon wasa suka fito, suna bin tawagar mawaƙiya Helen Shapiro gari gari. John Lennon da mura ya shigo. Injin naɗar sautin layi biyu kacal gare shi, ɗaya na kayan kiɗa, ɗaya na murya, saboda haka in mutum ɗaya ya yi kuskure galibi sai kowa ya koma farko. Da aka tashi cin abincin rana, ma'aikatan situdiyo suka fita, su kuwa suka zauna suna maimaita waƙoƙi suna kurɓar madara. Furodusansu George Martin ya ajiye Twist and Shout har sai ƙarshe, don ya san in Lennon ya rera ta da wuri, muryarsa ba za ta ƙara moruwa a ranar ba. Bayan ƙarfe goma na dare Lennon ya tsotsi alewar maƙogwaro, ya tsaya gaban makirfo, ya zuba duk abin da ya rage masa. An gwada karo na biyu, murya ta riga ta dishe. Na farkon ne ake ji a faifan har gobe, da karcewar maƙogwaron da komai. Shekara huɗu bayan nan, wannan ƙungiya za ta kwashe kusan awa 700 a kan kundi ɗaya, Sgt. Pepper. Ni dai har yanzu wannan minti biyu da rabi na mai mura ya fi taɓa ni.

To amma waƙar ta wace ce? Lennon a bakin 'yan uwan nan Isley Brothers ya ji ta, baƙaƙen fata 'yan Cincinnati da suka fitar da ita a 1962. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Cikin waƙoƙi sha huɗu na faifan, takwas ne na Lennon da Paul McCartney, shida na wasu ne. Anna ta Arthur Alexander ce, mutumin Alabama. Chains ta ƙungiyar 'yan mata Cookies ce. Boys da Baby It's You duka na Shirelles ne, 'yan mata huɗu da suka haɗu a makarantar sakandare a garin Passaic na jihar New Jersey. A Taste of Honey kuwa salon Lenny Welch suka bi. Duk shidan daga bakin baƙaƙen Amurka suka ɗauko su, kuma rabinsu waƙoƙin mata ne. Ko cikin takwas ɗin nasu, hannun malaman bai ɓuya ba. McCartney da bakinsa ya faɗa cewa bugun jitar bas da ya yi a waƙar da ta buɗe faifan, I Saw Her Standing There, daga wata waƙar Chuck Berry ya ɗauko shi sukutum. Yadda suke jera muryoyi, ɗaya ya jefa biyu su amsa, wannan ma a faifan ƙungiyoyin 'yan matan ya fi fitowa fili.

Abin da ya sa suka iya gama aikin a yini guda shi ne sun riga sun yi shi sau ɗaruruwa. Tun watan Agustan 1960 suke zuwa Hamburg a Jamus, suna kiɗa a gidajen rawa na unguwar St. Pauli, inda ma'aikatan jirgin ruwa da mashaya suke taruwa. Awa huɗu zuwa shida kowane dare, kwana bakwai a mako. Zuwansu na farko a wani ɗaki suke kwana bayan allon wata silima, kusa da ban ɗaki. Ƙaraminsu George Harrison ma korar sa aka yi daga ƙasar a watan Nuwamba, da hukuma ta gano shekararsa 17. A gida kuma sun yi wasa kusan sau 300 a Cavern, wani kulob na ƙarƙashin ƙasa a Liverpool. Wanda zai cika awa shida kowane dare dole ya haddace waƙoƙin mutane, ya san inda ake jan numfashi, ya san abin da ke tayar da mai zaune. Abin ya yi kama da yaron amshi da ya shekara da shekaru yana bin maigidansa gidan biki, har ranar da za a miƙa masa gaba ya ja waƙa. Bambancin kawai, su iyayen gidan nasu suna ƙetaren teku, ta faifai suke jin su. Har Martin ya so ya je Cavern ɗin ya naɗi wasansu kai tsaye, sai ya ga wurin bai dace da naɗar sauti ba, ya ce su zo Landan su yi abin da suka saba yi.

Faifan Amurka kuwa ba wahalar samu suke yi musu ba. Manajansu Brian Epstein shagon sayar da faifai yake gudanarwa, NEMS, kuma tun kafin ya san su suke shiga su saurari sababbin da suka iso. Suna da ɗabi'ar juya faifai su ji waƙar da ke bayansa, wadda sauran ƙungiyoyi ba su kula da ita ba. Haka suka samo Boys, wadda take bayan Will You Love Me Tomorrow, waƙar da ta kai Shirelles lamba ɗaya a Amurka a farkon 1961. Akwai kuma malami na kusa. Harold Phillips, wanda aka fi sani da Lord Woodbine, mawaƙin kalifso ne ɗan Trinidad da ya iso Ingila a jirgin Empire Windrush a 1948. Ya ja su a jiki tun ba su san kowa ba, kuma yana cikin motar da ta kai su Hamburg a 1960. Da wuya ka ji sunansa in ana lissafa waɗanda suka taimaki Beatles. Wannan kuwa a Liverpool ne, garin da ya yi arziki da jiragen cinikin bayi a ƙarni na 18. Jikokin waɗanda jiragen suka kwasa su ne suka rera waƙoƙin da suka dawo tashar suka tayar da samarinta.

Daga nan ne zargin sata yake tasowa, kuma ba zargi ne da za a yi wa dariya ba. A 1973, da McCartney ya zo Legas naɗar kundin Band on the Run, Fela Kuti ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da McCartney ya gayyace shi ya kunna masa abin da suke naɗa ya ji babu nasa a ciki. Fela ba a kan iska ya yi magana ba. Ya san abin da aka yi wa wasu. A shekarun 1950 kamfanoni sukan ɗauki waƙar Little Richard ko Fats Domino su ba farin mawaƙi Pat Boone ya sake rerawa a sanyaye, don gidajen rediyon fararen fata su sa tasa su bar ta mai ita. Otis Blackwell ya rubuta Don't Be Cruel da All Shook Up, amma sai da aka liƙa sunan Elvis Presley kusa da nasa a matsayin marubuci. Willie Dixon sai da ya kai Led Zeppelin kotu a 1985 kafin a san da shi a waƙar Whole Lotta Love. Wannan ita ce sata: ka goge sunan mai abu, ko ka raba masa haƙƙi da ƙarfi, ko ka fitar da naka don ka toshe nasa.

In aka auna Please Please Me da wannan ma'auni, ban ga sata a waƙoƙi shidan ba. Sunan marubucin kowace waƙa yana jikin faifan, ba wanda aka goge, ba wanda aka yi wa kutse. In 'yan jarida suka tambaye su wa suke saurara, sukan ambaci Chuck Berry da Little Richard da Shirelles da mawaƙan Motown, kamfanin faifai na baƙaƙe a Detroit, a lokacin da yawancin fararen Amurka ba su damu da sanin waɗannan sunaye ba. Sun ɗauki Mary Wells, mawaƙiyar Motown, ta bi su yawon wasa a Birtaniya a 1964. A watan Satumban shekarar, da za su yi wasa a filin Gator Bowl na Jacksonville a jihar Florida, suka ce ba za su hau dandali ba in an ware baƙaƙe gefe guda, kuma ba a ware ba. Samari ne da ba su wuce shekara 24 ba, a ƙasar da ba tasu ba, a shekarar da ake kashe mutane a jihohin kudancin ƙasar kan wannan magana. Ina girmama su da wannan. Bugun bas na Chuck Berry ne kaɗai wurin da zan ce sun ɗauka ba su rubuta suna ba, kuma McCartney bai taɓa ɓoye shi ba.

Sai dai wanke yaran bai wanke cinikin ba, kuma a nan ne nake rabuwa da masoyan Beatles da ke ganin tunda an rubuta suna magana ta ƙare. Dubi alƙaluma. Twist and Shout ta Isley Brothers a lamba 17 ta tsaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard. Ta Beatles ta kai lamba 2 a watan Afrilun 1964, a makon da waƙoƙinsu suka mamaye gurbi biyar na farko gaba ɗaya. Za a iya cewa tasu ta fi armashi, amma ba armashi kaɗai ya buɗe musu ƙofa ba. Mutum miliyan 73 ne suka kalle su a shirin talabijin na Ed Sullivan ranar 9 ga Fabrairun 1964, kuma iyaye fararen fata da ba za su so 'yarsu ta liƙa hoton baƙin saurayi a ɗakinta ba, sun bar ta ta liƙa na Paul. Kiɗan ɗaya ne, fuskar ce ta sauya, kuma fuskar kasuwa ta biya.

Dokar haƙƙin mallaka ma ta taimaka wa wannan rashin adalci. In ka sake rera waƙar wani, marubucinta da kamfanin da ke riƙe da ita ake biya, wanda ya fara rera ta ba ya samun ko kwabo. Shirelles ba su suka rubuta Boys ko Baby It's You ba, Cookies ba su suka rubuta Chains ba, Isley Brothers ba su suka rubuta Twist and Shout ba. Alhali abin da Beatles suka kwaikwaya ba baƙaƙen da ke kan takarda ba ne. Murya ce, da salon amshi, da inda ake ɗaga sauti a sauke. Wannan duka aikin mawaƙin ne, kuma doka ba ta san da shi ba. Wasu za su ce ai da yawa cikin marubutan fararen fata ne 'yan New York, irin su Carole King da Gerry Goffin da Burt Bacharach da Bert Berns, don haka waƙoƙin ba mallakar baƙaƙe ba ne tun asali. Gaskiya ne, kuma yana daga cikin abin da ya sa ban kira shi sata ba. Amma wannan hujja ƙara nuna ramin take yi: kuɗin aron ya tafi wurin mai alƙalami, mai muryar da ta sa aka yi sha'awar aron ta tashi a tutar babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Shirelles ya fi ci mini rai. Tun suna 'yan makaranta suka fara, kamfaninsu Scepter ya ce yana ajiye musu kuɗinsu har su kai shekara 21. Da suka kai, suka nema, ba su tarar da abin da aka yi musu alkawari ba, har ta kai su ga shari'a. Wannan ya zo daidai lokacin da ƙungiyoyin Ingila suka cika rediyon Amurka, kasuwar 'yan mata irinsu ta ja baya. Mawaƙan Motown sun tsira, har ma sun bunƙasa, amma Shirelles ba su sake komawa inda suke ba. Arthur Alexander shi ya rubuta Anna da hannunsa, Rolling Stones sun rera wata waƙarsa, Bob Dylan ma ya rera wata, duk da haka ya bar waƙa ya koma tuƙin bas a Cleveland shekara da shekaru. Ya dawo da sabon kundi a 1993, ya rasu a shekarar yana da shekara 53. Har kamfanin da ya fara yarda ya fitar da waƙoƙin wannan faifai a Amurka, bayan Capitol, reshen EMI a can, ya ƙi, na baƙaƙe ne: Vee-Jay na Chicago, wanda Vivian Carter da mijinta James Bracken suka kafa. Da abin ya yi daraja, Capitol ya dawo da lauyoyi ya karɓe, Vee-Jay kuma ya durƙushe a 1966, ko da yake yana da nasa matsalolin kuɗi tun kafin nan.

Na san amsar da ake bayarwa, cewa su ma Beatles ɗin an cuce su. Haka ne. Yarjejeniyarsu ta farko da EMI kwabo ɗaya na tsohon kuɗi take ba su a kan kowane ƙaramin faifai da aka sayar, irin kwabon da sai 240 suke yin fam ɗaya, su huɗu su raba bayan manaja ya cire nasa. A watan da suka naɗi wannan kundi aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe waƙoƙin Lennon da McCartney, ɗan kasuwar waƙoƙi Dick James da abokin cinikinsa suka riƙe kusan rabi. A 1969 James ya sayar da kasonsa ga kamfanin ATV ba tare da ya shawarce su ba, a 1985 Michael Jackson ya saye sashen waƙoƙin ATV ɗin a kan dala miliyan 47.5. Mutum ya rubuta waƙa a ɗakin gidan ubansa, ya wayi gari wani ke da ita. Zalunci ne, ban musa ba. Amma wanda aka cuta ya mutu da miliyoyi da wanda aka cuta ya koma tuƙin bas ba a ma'auni ɗaya suke ba, kuma haɗa su wuri ɗaya hanya ce ta rufe maganar.

Gyaran da aka yi ya zo a makare, kuma bai cika ba. Sai a 2018 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tilasta biyan mawaƙan da suka naɗi waƙa kafin 1972 in an sa waƙoƙinsu a rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam. Kafin nan biyu daga cikin Shirelles huɗu sun riga mu gidan gaskiya, Micki Harris a 1982, Doris Coley a 2000. Gidajen rediyo na gargajiya a Amurka kuwa har yanzu marubuci suke biya, ba sa biyan mai murya. A ganina wannan ne ya kamata masu bikin cikar faifan shekara kaza su riƙa magana a kai, ba yawan awannin da aka yi a situdiyo kaɗai ba. Kuma duk lokacin da aka sake buga kundin, ko aka yi shiri a kansa, a sa muryoyin asali a gefensa, a faɗi sunayensu cikakku: Shirley Owens, Beverly Lee, Micki Harris, Doris Coley, Ronald Isley, Arthur Alexander. Wannan ba ya rage wa Beatles komai. Su da kansu sun fi masu ba da labarinsu yawan ambaton waɗannan mutane.

Yau duk waƙoƙin suna YouTube, kowa zai iya jera su biyu biyu ya yi wa kansa hukunci. Ni nawa hukuncin ga shi. A Twist and Shout Lennon ya yi gaba, ya kai waƙar inda Isley Brothers ba su kai ta ba. A Baby It's You na kasa raba su, don Lennon ya shiga cikinta da gaske, ita kuma Shirley Owens tana da wata rawar murya da ba a koyo. A Anna kuwa Alexander ya fi shi nesa ba kusa ba. Lennon yana rera ta da zafin saurayin da aka ƙwace wa budurwa, shi kuwa Alexander yana rera ta a natse, da muryar wanda ya riga ya haƙura yana sallamar matar da yake so. Chains ta Cookies ta fi ta Harrison nauyi. Boys kuma, duk da ƙoƙarin Ringo Starr a kan ganga da murya lokaci guda, ta Shirelles ce har yanzu.